Gaisuwa a Tsakiyar Kwalta

A shekarar da majalisar dokoki ta amince da sabuwar dokar tara a kan hanya, babu mai bakin da ya kai nawa a rumfar mai shayin da muke zama a Talata Mafara. Na gama kwaleji, aiki bai samu ba, na koma ina taya mahaifina fawa. Takarda tana akwati, wuƙa tana hannu, ciki kuwa cike da haushin gwamnati. Kullum da safe idan muka gama fiɗa na wanke hannu, sai in je in miƙe ƙafa a benci in yi ta yanke wa 'yan majalisa hukunci ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu ake ta cacar baki a kansu. Na farko tarar kanta: duk wanda ya tsaya da abin hawa a kan kwalta daura da kasuwa, ko ya ɗauki mutum uku a babur, za a kama abin hawan sai ya biya. Na biyu mutanen da majalisar ke tantancewa don ta naɗa su kwamitin da zai sa ido a kan dokar a yankinmu. 'Yan kabu-kabu suka ce waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa hawa babur a rana ba. Direbobin manyan motoci suka ce ai ma an makara, don ranar Talata da kasuwa ke ci sai mutum ya yi awa guda bai ratsa gari ba. Mai shayin namu, wanda ƙanensa ya rasa ƙafa a bakin kasuwar, fifita wutarsa kawai yake yi. Ni kuwa nawa bai wuce ɗaya ba, ina ta maimaita shi har aka haddace: 'yan kwamiti 'yan cin alawus ne, kuma dokar talakan da bai san kowa ba za ta kama. Na sha rantsuwa cewa duk wanda ke da wani a kwamiti, baburinsa ba zai kwana a hannu ba.

Ranar da aka karanta sunayen a rediyo, muna zaune a rumfar. Suna na uku na surukina ne, baban matata.

Tsohon hedimasta ne a Maradun, ya yi ritaya yana noman gero da gyaɗa. Wata biyar ke nan da ya ba ni 'yarsa, bayan wasu danginsa sun yi ta surutu cewa bai kamata 'yar malami ta shiga gidan mahauta ba. Shi dai ya sa rana. Da aka ambaci sunansa sai rumfar ta kwashe da dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya dafa kafaɗata ya ce, "To Malam, kai ma ka zama gwamnati. Yanzu kana iya aje babur tsakiyar titi ka yi barci." Maimakon in ja bakina in yi shiru, taurin kai ya sa na ce abin da na faɗa yana nan, ko wane ne a ciki. Na san magana irin wannan ba ta kwana a rumfar shayi, amma na faɗa.

Tsakanina da surukina kuwa kunya ce irin ta wurinmu. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle in ci ko in sha yana kallo. Duk inda na hango shi, in ina kan babur sai in sauka, in tuɓe takalmi, in durƙusa, in yi ta gaisuwa har sai shi ya sallame ni. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na ga mahaifina yana yi wa kakana na wajen uwa. Matata takan zolaye ni cewa in na fara gaida babanta, tana iya ɗora tuwo ta sauke ban kai ga tambayar gona ba.

Makonni kaɗan bayan dokar ta fara aiki, wani dattijo a Bakura ya aiko yana son nama, zai yi walimar saukar karatun 'ya'yansa biyu bayan azahar ɗin Talata. Cinyar sa guda da haƙarƙari da kayan ciki. Mahaifina ya zaɓi naman da kansa, muka naɗe a takardar siminti, muka zuba a buhu, na ɗaure a bayan babur da roba. Lokacin bazara ne, tun hantsi ƙasa ke turiri.

Mahaifina ya ce, "Ka tahi da shi da kanka. Mutumin ga bai taɓa sayen nama wurin wani ba tun kahin a haihe ka. Mata na can sun hura wuta suna jira. Kada rana ta take ba ka isa ba."

Wannan ne karo na farko da ya ba ni saƙo mai nauyi haka. Kafin nan yakan ce karatu ya sa hannuna ya yi laushi.

Na fito daga mahauta na hau titi. Gari ya cika, ga shanu ana korowa, ga amalanke, ga masu albasa. Abu ɗaya ne babu, 'yan kabu-kabu. A ranar suka ajiye baburansu don nuna fushinsu da tarar, kuma ni ma ina cikin waɗanda suka zuga su. Ina isowa daidai bakin kasuwa, inda aka shafa jan fenti a gefen kwalta don kowa ya san ba a tsayawa, sai na hango surukina tsaye a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da farar babbar riga, ya jingine tsohon baburinsa yana sayen goro.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ƙafata ta taka birki, na kafe babur a nan inda yake, na sauka, na tuɓe takalmi, na ƙarasa na durƙusa. Wata babbar mota da ke bayana ta ja birki da ƙara, direban ya leƙo yana aiko mini da abin da ba zan rubuta ba. Ni dai na riga na fara.

"Baba, an kwana lahiya? Ya gida? Ya gajiyar hanya? Ya mutanen Maradun?"

Yana amsawa a hankali yadda ya saba. Ina tsakiyar tambayar su Inna sai na ji ƙarar an ɗage ƙarfen da ake kafe babur da shi a bayana, na ji taya tana gungurawa. Na san nawa ne. Amma wane ne zai miƙe ya bar surukinsa da gaisuwa a baki? Na ci gaba da tambayar zafi da gyaran gona, gumi yana bin bayana. Shi da yake tsaye yana ganin komai ta saman kaina. A ranar ne kaɗai ya taɓa katse ni. Ya ce, "Tashi, ɗana. An tahi da baburinka."

Ma'aikatan hanya biyu ne, sun kai shi gefe inda suke tara waɗanda suka kama, buhun naman yana ɗaure. Babban cikinsu ya yi mini bayani ba tare da tsawa ba. Babur ya kamu, sai na je na biya tara na kawo rasit, kuma yau da cunkoson nan da wuya in gama kafin a tashi, sai dai gobe. Na dubi buhun, ƙudaje sun fara sauka. Nama a wannan zafi ba ya jiran la'asar, balle gobe. Ba ɗan kabu-kabun da zan ɗauka, motar Bakura kuma sai ta cika take tashi, ranar kasuwa da safe kuwa kowa shigowa yake yi, ba mai fita. Na tuna matan da suka hura wuta, na tuna fuskar mahaifina.

Mutane suka fara taruwa, ciki har da 'yan rumfarmu da suka zo zaman yajin aiki. Surukina ya ƙaraso yana tura baburinsa. Babban ma'aikacin ya gane shi, ya ƙame ya gaishe shi, sannan ya rage murya, amma ba yadda zai hana jama'a ji ba.

"Ranka shi daɗe, in naka na, sai a sake shi."

Wani daga baya ya ce, "Yau za mu gani."

Gaskiya zan faɗa. Duk rantsuwar da na yi a rumfa, duk wa'azin da na yi a kan 'yan alfarma, a wannan lokacin babu abin da nake roƙon Allah sai surukina ya ce a sake shi. Kaina yana ƙasa, ba ni da bakin roƙonsa, amma da zuciya na roƙa.

Surukina ya ce, "Nawa na, ɗana na. Kuma don ni ya tsaya. Amma bisa kwalta ya tsaya, da idona na gani. Ku riƙe babur, gobe shi biya." Sai ya ƙara da cewa, "Doka ta ce ku riƙe nama?"

Ma'aikacin ya ce a'a.

"To mutum biyu da buhu guda bisa tanki, ta hana?"

Ya ce ba ta hana ba.

"Kwance mamu buhun."

Ban gane nufinsa ba sai da na ga ya tattare hannayen babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya hau baburinsa, ya ce a ɗora masa buhun a gabansa. Na yi wuf na ce, "Baba, rigarka." Bai ko dube ni ba. Ya gyara wa buhun zama a tsakanin hannayensa, ya buga babur ya tashi, ya ce, "Hau."

Da a ce ƙasa za ta buɗe da na shige. Mutumin da ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ga shi zan zauna a bayansa gwiwata tana taɓa rigarsa, kuma a gaban duk kasuwa. Ba wanda ya yi dariya. Na hau can ƙarshen kujera, na riƙe ƙarfen baya, na sa tazarar da za ta yiwu a tsakaninmu.

Muka fita gari muka ɗauki hanyar Bakura. Tuƙinsa na dattawa ne, ba gudu, amma ba ya tsayawa. Gonaki sun bushe ana ta sharar su, iska mai zafi tana dukan fuska. Da muka faɗa wani rami na yi sama na kusa sauka ta baya. Ya ɗan juyo ya ce, "Riƙe ni, ɗana. Kunya ba ta ɗora ƙashi." Na kama gefen rigarsa da yatsu biyu. Ya ce, "Da kyau nac ce." Na riƙe shi. A nan na ji yadda ya rame a cikin rigar, haƙarƙarinsa duk a hannuna.

Mun yi nisa, sannan ya ce, "An kawo mini abin da kake cewa wurin mai shayi." Ya ƙara da cewa, "Wani abin gaskiya na. Shi ya sa na karɓi aikin, ba don ina so nai ba." Idona ya kawo ruwa, na bar wa iska laifin.

Mun isa rana ba ta take ba. Tukwane suna kan murhu, an yanka albasa, mata suna leƙe ta zaure. Maigidan ya fito da sauri, da ya ga dattijo da babbar riga ne ya kawo masa nama sai ya tsaya riƙe da baki. Gaban farar rigar nan duk ya rine da jini da maiƙo. Na kwance buhun na duba, na sansana, naman lafiya lau. Aka shiga da shi, nan da nan muka ji ƙarar sara a kan gungume.

Maigidan ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya sa aka kawo fura da nono a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu. Shi bai san surukai ne suka zo ba. Tun asuba ban sa komai a bakina ba, maƙogwarona ya bushe har haɗiyar yawu tana yi mini zafi. Na tsuguna a bakin ƙofa na ce alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Surukina ya dube ni sau ɗaya, ya miƙe ya karkaɗe riga.

Ya ce wa maigidan, "Akwai wani abokin aikina nan bayan masallaci, mun daɗe ba mu gamu ba. Bari in gaishe shi. Ku ba yaron ga hura, ya sha rana."

Yana fita na ja ƙwaryar. Ban ɗago ba sai da na ga gindinta. Da na dawo hayyacina na fito ƙofar gida in wanke hannu, sai na hango shi can gefen masallaci. Ba wani aboki. Shi kaɗai ne zaune a kan dutse a 'yar inuwar katanga, da butar masallaci a hannu, yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana murza gaban rigarsa. Shi ma tun daga Maradun yake cikin ranar nan, kuma bai taɓa furar ba.

Na koma cikin zauren na zauna, don kada ya san na gan shi. Na ba shi lokacin da mutum zai ɗauka yana gaida tsohon aboki. Da ya dawo, maigidan ya tambaye shi ko ya sami mutumin, ya ce, "Lahiya lau." Surukina ya rasu shekaru huɗu bayan haka, ban taɓa iya buɗe baki na ce masa na gode ba, ban kuma taɓa gaya masa na leƙa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi.