Baƙarar da firinta ta ƙi fitarwa

Mahaifina bai shiga karatun allo sosai ba sai da furfura ta cika masa gemu. Manomi ne a Karakkai, gona ta cinye masa ƙuruciya. Da ya tsufa ya koma gaban limamin ƙauye yana biya, muna tsokanarsa da kiransa ɗan makaranta, yana dariya. Ya haura har Baƙara, saura ita kaɗai ya sauke, sai idonsa ya fara dushewa. Likita a Gusau ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ina da shagon buga takardu a Sabon Garin Gusau. Na ɗauki hoton shafukan Alƙur'aninsa bugun Warash, wanda idonsa ya saba da shi, na ƙara wa haruffan girma. Na ce masa, "Baba, ranar Juma'a zan kawo maka."

A makon nan kwamfutata ta sabunta kanta ba tare da na sa ta ba. In na tura takardar makaranta ko katin biki, firinta ta buga lafiya lau. In na tura shafin Baba, sai ta ja takarda, ta buga rabi, ta tsaya cik. Wani ɗan akwati ya fito da Turanci, wai an samu matsala, sai jerin lambobi. Wace matsala? A ina? Shiru. Ko jaki in ya ƙi tafiya kana iya duba ƙafarsa ka ga ƙaya.

Mai gyara ya zo, ya karanta saƙon, ya sosa ƙeya, ya ce mu yi ta gwadawa. Amma kowane gwaji rabin aya yake fitarwa, kuma ba a jefa sunan Allah a kwandon shara. Kullum da yamma ina bayan shago ina ƙona rabin shafuka, ina binne tokar, raina a ɓace. Na ɗauki aikin na tafi Tsafe wurin wani abokina mai babbar firinta. Tasa kwamfutar ma ta sabunta kanta, saƙon nan dai shi ya tarbe mu.

Duk Juma'a in na je gida hannu sake, Baba yakan tambaya, "Injin naka mi yac ce?"

"Bai faɗi ba, Baba."

"To, mara lahiyad da ba ya hwaɗin inda ka mai ciwo, ƙaƙa za a yi mai magani?"

Ana girbin gero, wata safiya na kunna kwamfuta, ta sake sabunta kanta, firinta ta zubo Baƙara tas daga farko har ƙarshe. Yadda ba ta faɗi abin da ya same ta ba, haka ba ta faɗi abin da ya warkar da ita ba. Na rufe shago na hau mota zuwa Bunguɗu, daga nan na hau babur.

Na same shi a zaure kan buzunsa. Ya sa aka kawo masa ruwa ya yi alwala, sannan ya karɓi shafin farko da hannu biyu. Haruffan manya ne, baƙi wuluk, ina hango su tun daga bakin ƙofa. Ya matso da shi dab da fuskarsa, ya karkata wajen haske, ya daɗe. Sai ya miƙo mini a hankali.

"Wagga takarda hwara ta, ɗana. Ba ni mai rubutun."