Farin Dutsen Bayan Ɗakin Famfo

Babana bai taɓa buga golf ba, amma a filin golf ya tsufa. Aikinsa yankan ciyawa da ban ruwa, sai kuma wanke mutum-mutumin da manyan 'yan kulob suka kakkafa don tunawa da junansu. Akwai na wanda ya kafa filin, mai tumbi da hula. Akwai bencina masu farantin tagulla, kowanne da sunan wani mamaci. Har wani kare yana da nasa a bakin tafki, kuma Baba ya ce a cikinsu duka shi ne tsuntsaye suka fi raga wa.

Tare suke aiki da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, mai kula da bututun ruwa. Wata rana da hantsi ya faɗi a bayan ɗakin famfo da sifana a hannu, bai sake tashi ba. Ma'aikaci ba ya samun benci. Baba ya gangaro da wani dutse daga bakin tafki, ya ajiye a daidai wurin, ya shafe shi da ragowar farin fenti, duk shekara kuma yana sabunta shi. Matar marigayin, Inna, labarin dutsen kawai take ji, don iyalan ma'aikata iyakarsu bakin get. Baba ya yi ta ce mata zai san yadda zai shigar da ita. Yana cikin sanin yadda zai yi aka sayar da filin, aka zuba gidaje.

Ya dawo wurina da zama. Maigidana kuwa yana da wani gem na golf a kwamfuta, yana karawa da mutanen da bai sani ba ta intanet, yana ji da matsayinsa a gem ɗin kamar shi zai ci ya ƙoshi. Wata rana Baba ya zo wucewa da kofin shayi, ya yi turus.

"Wannan ai ramina na huɗu ne," in ji shi. "Wa ya yi wannan yankan ciyawar?"

Ashe masu gem ɗin sun ɗauki hotunan filin kafin a rushe shi, sun kwafe shi kaf. Baba ya ajiye kofin, maigidana ya tashi don kunyar suruki, kuma tun ranar bai sake mallakar kujerar nan ba.

Matsalar ita ce gem ɗin ba ya barinka ka yi yawo. Inda ƙwallonka ya faɗi, nan kaɗai za ka tsaya ka duba, shi ma da agogo a kanka. Saboda haka Baba ba ya neman jefa ƙwallo a rami. Sai ya buga ƙwallo cikin daji don ya ga mai tumbi, ya buga cikin yashi don ya karanta benci. Ya gano sun mance da kunnen karen da ya gutsure, abin ya ɓata masa rai har ya ƙi cin abinci. Abokan karawarsa sukan gaji su fita, bayan sun turo hotunan jajayen fuskoki masu fushi.

"Me suke cewa?" Baba ya tambayi maigidana.

"Gaisuwa suke yi, Baba."

"Ina amsawa."

Da yake da sunan maigidana Baba ke bugawa, matsayinsa ya yi ƙasa har ya daina dubawa. Ni ban tausaya masa ba ko kaɗan, don na san inda Baba ya dosa. Ɗakin famfon yana can kusa da ƙarshen fili, tsakanin tafki da katanga, kuma dole ka fara daga ramin farko kafin ka isa. Daga nan bugu ɗaya gare ka. In ya yi tsawo ya haura katanga, in ya gaza ya faɗa ruwa. Hannun Baba kuwa yana rawa, sai ya danna kafin lokaci. Maigidana ya ce ya kawo ya buga masa. Baba ya dube shi ya ce ba shi ya gangaro da dutsen ba.

Haka muka yi makonni. Ina ɗinki a ɗaki, sai in ji ƙarar ƙwallo a ruwa, in ji tsaki, in ji an koma farko. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni tsoro, don ba wanda ya san ko dutsen ya shiga hoton.

Ranar da ƙwallon ya tsaya a bayan ɗakin famfo, ban ji tsaki ba, shi ya sa na fito. Ga dutsen nan, fari, a karkace, ciyawa ta ɗan rufe gindinsa. Baba ya ce ba shi ya bar ciyawar haka ba, lokacin yana hutu ne. Sannan ya goge ido da hula, ya ce in kira Inna.

Washegari ta zo da sabon mayafi, ta cire takalma a ƙofar falo, ta zauna ta naɗe hannu. Baba ya fara. Ya faɗa ruwa, ya haura katanga, ya sake faɗawa ruwa. Sai bayan la'asar ƙwallon ya tsaya inda ake so.

Inna ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Nan ne, Yaya?"

"Nan ne."

"Da inuwa ashe."

Ta fara addu'a a hankali. Agogon gem ɗin yana ta ƙirga, ba wanda ya iya ce mata ta yi sauri. Ba ta kai ga shafawa ba hoton ya ɗauke, aka mayar da mu allon farko da kiɗansa.

Ta juyo da tafukanta a buɗe.

"Yaya, ban gama ba."

Baba ya murza hannunsa a gwiwa, ya gyara zama. Ya danna ramin farko.