Garin Da Ake Koya Da Ƙafa

Tsingaro ne ya tono min wannan magana. Hotonsa na gani a littafin makarantar jikata, nan garin Landover a ƙasar waje, ina zaune ni kaɗai, kowa ya fita. Ni da furfurata na koyi karatu, shi ma na Hausa, Turanci sai kallon hoto. Da ta dawo na tambaye ta. Ta ce wata tsohuwar daula ce, Mitanni, ta mutanen Hurri, can wajen Siriya. An san sarakunansu, amma babban birninsu har yau masu tono ba su tabbatar da inda yake ba.

Na ce, "Gari guda ya ɓata? Ba su da tsofaffi ne?"

Ta yi dariya ta shige ɗaki. Ni ban yi ba.

Kun ga, mu ma muna da kufai, yamma da ƙauyenmu. Ina yarinya, in ruwan fari ya sauka, ƙasa na ƙamshi, kakata kan ja ni mu je ɗiban ganyen kuka. Ba komai a wurin sai kukoki da tsingaron da ruwa ya wanko. Amma sai ta tsaya tsakanin kuka biyu ta yi sallama, wai nan ce ƙofar gari. Kuma ba ta miƙewa, sai ta yi ta zagaye a fili fetal, tana bin lungunan da babu su. Ran nan na gaji na yanke. Ta finciko ni.

"Ke ja'ira, ɗakin uwata kike takawa!"

Da ƙafa ta koya min garin. Nan marina, nan rijiya, nan maƙera.

Waɗanda suka san wannan tafiya duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ƙanena ya ce min a waya an sa tarakta an nome wurin. Ciwon gwiwa ya hana ni hawa jirgi in koma gida. Na gwada faɗa wa jikata, amma abin ƙafa ba ya shiga ta kunne.

Yanzu da hantsi, in motoci sun watse, nakan sauka filin ajiye su da sandata in bi lungunan garin nan namu, kamar yadda kakata ta koya min. Maƙwabta sun ɗauka motsa jiki nake. Ran Asabar jikata ta sauko kirana cin abinci, ta ratso kai tsaye.

Na ce, "Ke, zagayo!"

Ta zagayo kuwa, yarinyar kirki. Na tsaya ina jira ta tambaye ni dalili. Ba ta tambaya ba.

Ina jin haka birnin Mitanni ya ɓata.