Sunan da Aka Ce Sai Ta Faɗa

Shekaru sun ja, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Mai yiwuwa na haɗa ranar wata kasuwa da wata, ko na sa maganar wani a bakin wani. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne abin ya faru kafin mulkin kai, lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a Kalgo, ina kuma aika wa wata jaridar Hausa labarai.

A kasuwa na fara ganinta, wata Bafulatana mai tallar nono, hannunta na dama ɗaure da karan ɗori, gefen fuskarta a kumbure. Na tambayi abokan tallarta, suka ce saniya ce ta harbe ta. Yadda suka haɗa baki wurin faɗa ne ya hana ni sakewa.

Na bi sawun maganar a hankali, don ina tsoron ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Mai ɗorin da ya gyara hannun, wani tsoho a wajen Wurogauri, ya ce mini shatar sanda ya gani har a bayanta. Wata tsohuwa daga rugarsu ta ƙarasa mini sauran. Mijin matar ya tafi kudu da shanu cin rani, ya bar gida a hannun yayansa. Yayan ya neme ta da abin da bai halatta ba, ta ƙi, ya sa mata sanda. Buƙatarta ɗaya ce: a bar ta ta koma wurin iyayenta har mijinta ya dawo.

Tsohuwar ce ta kai ta zauren mai garin wani ƙauye a hanyar Gwandu, ni ma na bi su. Matar ta zo da ƙwaryar nono ta gaisuwa, ta ɗauko ta da hannun da ya rage mata. Aka dama fura a ciki, ludayi ya shiga zagayawa. Yayan mijin na zaune cikin dattawa, shi ma aka miƙa masa.

Mai gari ya ce, "To, ɗiyata, wa ya buge ki?"

Ta ce, kanta a ƙasa, "Allah shi ba ka nasara, babban gidanmu ne."

"Manyan gidanku suna da yawa. Hwaɗi sunanai."

Babu wanda ke zauren nan da bai san cewa a wurin mutanenta mace ba ta kama sunan yayan mijinta ba. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Da wannan aka raine ta tun tana ƙarama. In ta faɗi sunan a gaban maza, rugar da za ta koma da ta iyayenta duk za su ɗauke ta marar kunya.

Yayan mijin ya lashe ludayi, ya ce, "Hwaɗi mana, ƙanwata, ni ma in san mugun nan."

Aka yi dariya. Wani dattijo har ya ƙware, furar ta zubo masa a gemu.

Tsohuwar ta nuna shi da yatsa. Mai gari ya ce nan ba a shari'a da nuni. Na miƙe, na faɗi sunan da kaina. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai anka buga? Zamna ka sha hura."

Ban sani ba ko mai garin ya shirya hakan ne da gangan. Ba na so in yi masa shaidar abin da ke zuciyarsa. Amma na ga fuskokinsu, kuma ban ga mai jiran amsa ba. Matar ta buɗe baki, leɓenta ya motsa, ta rufe. Ƙuda na bin tsumman ɗorin, ba ta kore shi ba.

Aka ce tunda ba ta ambaci kowa ba, babu ƙara. Ta koma ɗakin mijinta, a ƙarƙashin kulawar wanda aka bar wa gida. Shi ne ya miƙa mata ƙwaryarta, wayam, ya ce nonon ya yi daɗi. Tun daga ranar fura ta fita raina.

Na rubuta labarin na aika. Ba a buga ba, ko kuma an buga ban gani ba. Na ci gaba da duba layin masu nono kowace kasuwa, ban sake ganinta ba. Wasu sun ce ta gudu wajen garin Maruda, wasu sun ce ba haka ba ne.

In akwai wanda ya zauna a zauren nan, ko ya ji daga bakin wanda ya zauna, ina roƙonsa ya gyara mini inda na kauce. Fiye da komai, ina so in san ko ta kai gidan iyayenta.