Surukar da maigidana ya samu a bene

Ina zaune a matakala ina kuka, jariri a baya, sai maƙwabciyata Anti Soma, 'yar Sri Lanka mai bin addinin Buddha, ta tsaya a kaina. A Whitechapel ne, zamanin da kuɗin mai ya kawo mazanmu karatu Landan.

Na gaya mata likita ya ce in na yi kwanika bayan tiyatar da aka yi mini wajen haihuwa, da wuya in rayu. Ya rubuta mini ƙwayar hana ɗaukar ciki, ni kuwa 'yar Katolika ce, addinina ya hana shan ta.

Ta ce, "A wurinmu shan ƙwayar ba laifi ba ne. Ku a gida yaya kuke yi?"

Na ce, "Mace takan koma ɗakin uwarta sai ta yaye. Tawa tana Malumfashi."

Ba ta ja ni da gardama ba. Washegari ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta da ke saman bene, ta ce wa maigidana, "Daga yau ni ce surukarka. Gaisuwa a bakin ƙofa."

Shekara ɗaya da rabi na yi a ɗakinta. Yau jaririn nan ya aurar da 'yarsa, na tuna ta har da hawaye.

Ku wa ya taɓa rufa muku asiri bai nemi ku bar imaninku ba?