Sa Hannun Baba Masinja

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai takardun da wasu suka sa wa hannu. Masinja ne a wani ofishi mai hawa huɗu, inda lif ya fi ma'aikata yawan hutu, don haka ƙafafunsa suka san kowace matakala kamar yadda harshe ya san haƙori. Ya san sa hannun kowane babba a ginin, daga mai yin rubutu kamar kiyashi ya faɗa tawada, zuwa mai jan dogon layi a ƙasa kamar zai yaga takardar. Nasa kuwa ba a taɓa nema ba, sai a littafin zuwa aiki na bakin ƙofa. Ranar da ya yi ritaya aka miƙa masa takardar yabo, ita ma wani ne ya sa mata hannu. Sunan aikin ya biyo shi gida, har jikokinsa Baba Masinja suke ce masa.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Wata biyu ya yi yana gyara abin da bai lalace ba, har matarsa ta ce in ya ƙara taɓa famfon kicin za ta tattara ta koma wurin 'yarsu. Da haka ya shiga wata ƙungiyar sa-kai mai ziyartar majinyatan da ba su da kowa a babban asibiti. Su ashirin ne. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a bayan kantin magani, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, da kwamfuta ɗaya, da tarin barguna. Aikin ya zauna masa daidai. Ya iya zama a gefen gado ba tare da ya cika mutum da surutu ba, ya iya juya filo, ya iya jira. Da aka ga ba adireshin da ke ɓace masa, sai aka ɗora masa neman dangin majinyata da aika musu imel. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana cije leɓe.

Ana haka wata mata da ta daɗe tana aiki a kamfanin talla ta shigo ƙungiyar. Mace ce mai himma, ba ta iya ganin farin bango ta ƙyale shi. Kafin wata ya cika an fara ce mata Madam Tambari a bayan idonta. A taron farko da ta samu dama ta miƙe ta ce matsalar ƙungiyar ɗaya ce: ana aiki, ba a ganin fuska.

"Daga yau duk imel da zai fita da sunanmu sai da sa hannu iri ɗaya a ƙasansa," in ji ta. "Layi bakwai. Suna, muƙami, sunan ƙungiya, adireshi, lambar waya, tambari, sai take. Ba a ragewa, ba a ƙarawa, ba a canza launi."

Tambarin hannaye biyu ne sun tallabo rana ruwan ɗorawa tana murmushi. Taken kuma shi ne: Wanda muka riƙe, sai ya miƙe.

Wani direban tasi a cikinsu, wanda shi ke kwaso barguna daga wurin wanki kyauta, ya ɗaga hannu. "Madam, mu da ko sisi ba a biyan mu, har da doka?"

"Ai don ba a biyan ku ne ya kamata a gan ku," ta ce.

Shugaba, tsohuwar malamar makaranta da ba ta son hayaniya, ta ce a gwada. Sai aka tarar ba mai muƙami a ƙungiyar in ban da ita. Aka zauna aka ƙirƙiro wa kowa nasa a yammacin nan. Baba Masinja ya tashi da Babban Jami'in Sadarwa da Dangi. Ba ƙaramin jami'i a ƙarƙashinsa, amma wannan bai rage komai ba.

Sauran suna ta gunaguni, shi kuwa ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Ga sunansa da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe, ga muƙami a ƙasa, ba kuma wanda zai ce masa ya kai hawa na huɗu. Da aka saka masa sa hannun a wayarsa, ya rasa wanda zai rubuta wa, sai ya fara da na gida. 'Yarsa ta samu "Kin tashi lafiya?" da layi bakwai a ƙasa. Surukinsa ya samu "Na gode" da layi bakwai. Wata rana yana falo ya aika wa matarsa, wadda ke kicin, yana tambayar ina makullin ɗakin ajiya. Ta leƙo da ludayi a hannu.

"Babban Jami'i, yana aljihunka na hagu."

Tunda shi ya fi kowa son dokar, shi ya zama mai gadinta ba tare da an naɗa shi ba. Ya kai ƙarar direban tasi da laifin goge taken. Ya kai ƙarar tela, wata baiwar Allah mai ɗinka wa majinyata zanen gado, don ta soka lambar shagonta a layi na shida. A taro ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce shi ya yi aiki da manya, kuma abin da ya koya shi ne doka ba ta da ƙanin uba. Madam Tambari ta tafa masa ita kaɗai.

A lokacin akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a gado na goma sha huɗu, huhunsa ya gaji. Wata uku Baba Masinja yana zuwa wurinsa, suna musu a kan labarai, tsohon yana cewa duk rediyon zamani kwali ne aka shafa wa fenti. 'Ya ɗaya gare shi, tana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma Baba Masinja ne ya nemo ta. Duk mako yana rubuta mata: yau ya ci abinci, yau ya zagi likita, alamar sauƙi ke nan. Ita kuma tana ce masa Baba.

Wata Talata da hantsi tsohon ya cika, hannunsa cikin na Baba Masinja.

Ya koma ofis ya zauna gaban kwamfuta. Awa guda ya yi a kan layi huɗu, yana rubutawa yana gogewa, har ya samu kalmomin da ba za su faɗo mata a ka kamar dutse ba. Da ya gama ya duba ƙasa, sai ga rana tana murmushi, ga take. Ya san yadda ake gogewa, don a binciken laifin direban tasi ya koya. Yatsansa ya je ya dawo. Amma mako ɗaya kacal da ya tsaya gaban mutane ya ce doka ba ta da ƙanin uba, kuma tela tana can gefe tana ninke zanen gado, yana jin idonta a ƙeyarsa ko da ba shi take kallo ba. Ya aika.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Ta gode masa da kyau, ta ce ba ta da abin da za ta saka masa da shi. A ƙarshe ta ƙara da cewa: "Sai dai Baba, na ga kun rubuta wanda kuka riƙe sai ya miƙe. Na karanta ya fi sau goma. Na san kun riƙe shi. Ban san me zan yi da sauran maganar ba."

Ranar bai taɓa abincinsa ba. Matarsa ta karɓi wayar ta karanta, ta ajiye a hankali.

"Malam, da bakinka za ka iya faɗa mata haka?"

"Ba ni na faɗa ba. A ƙasa yake."

"A ƙasan sunan wa?"

Washegari ya rubuta wa yarinyar ban haƙuri, ya goge layi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sa "Babanki na asibiti." Sannan, da yake shi mutum ne mai tsari, ya kai ƙarar kansa wurin Shugaba.

Taro uku aka yi a kan maganar. Direban tasi ya ce a jefar da taken gaba ɗaya. Madam Tambari ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai, har ta share ido, amma take ba riga ba ne da za a tuɓe don an ji zafi. Shugaba ta nemi a haɗu a tsakiya. Aka haɗu. Aka amince da sa hannu na biyu na musamman don saƙon rasuwa: rana za ta koma baƙi da fari, a cire mata murmushin, taken ya zauna amma da ƙananan baƙaƙe, a kuma ƙara layi na takwas mai cewa wannan take bai shafi waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba. Da aka zo neman wanda zai riƙa tantance wane sa hannu ya dace da wane saƙo, kowa ya juya ya kalli Baba Masinja. Muƙaminsa ya ƙaru da kalma biyar, har ya daina shiga layi ɗaya.

Ya karɓa, don bai iya ƙin aiki ba. Sai dai tun daga nan bai sake kai ƙarar kowa ba. Lambar shagon tela ta dawo layi na shida, ya gani, ya ce tabaraunsa ne ya tsufa.

Yanzu maganar riguna ake yi. Madam Tambari ta kawo samfuri, ruwan ɗorawa, da taken ɓaro-ɓaro a ƙirji. Baba Masinja ya roƙi alfarma ɗaya, aka kuma yi masa: a mayar da rubutun baya, don kada wanda ke kwance ya wuni yana karanta shi. Ya dawo gida yana jin ya ci nasara, ya sa rigar ya juya gaban matarsa.

"To in ka tashi tafiya fa?" ta ce. "Ai bayan naka zai kalla har ka kai ƙofa."

Ya tsaya ya yi tunani, yana jan gefen rigar da ta yi masa yawa.

"Sai in riƙa fita da baya-baya," ya ce.