Amya Ɗaya a Hanyar Tirmini

Mai Nasara maƙwabcina ne a Birni. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ta zube daidai inda nake leƙensa. Sana'arsa zuma, amma kada ka ce masa "ba ni zuma" kawai, sai ya dube ka kamar ka zagi kakarsa.

"Ta wane ice?"

Wai ta magarya ta tari ce, ta dogon yaro mai ɗaci ta ciki, ta gawo kuwa ta miki. Bai taɓa haɗa biyu a tulu ɗaya ba. Nakan ce, "Likitan ƙuda, su ne suke gaya maka inda suka yi kiwo?" Ya ce, "Ɗan Azumi, harshenka ba ya ɗanɗanar komai sai tsegumi."

Da farin shekarar tamanin da huɗu ya kama, ƙudan zumar suka yi ta barin amyoyinsa. Saura ɗaya, a kan wani gawo a hanyar Tirmini. A shekarar ce kara ya soki matarsa Kellu a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo. A gidan likita aka wanke, aka ɗaure, aka ce in bai rufe ba sai dai a yanke ƙafar.

Unguwa tana ta watsewa, kullum kamyo, babbar motar kaya, ya ɗebi mutane sai Kano. Ƙanensa Inusa ya zo har zaure yana roƙo ya biyo su. Ina? Kellu ba ta iya tsayuwa, amya kuma ba a ɗora ta a kamyo. Gawo sai damina ta wuce yake fure, dole a jira shi. Na kai masa ragowar zumar magarya da na saya wurinsa tun bara, ya ture.

"Tari take yi?"

Ga makiyaya suna sare rassan gawo don dabbobi, shi kaɗai ne ɗanyen ganye a dajin. Sai Mai Nasara ya koma gadin ice. Jakinsa ya riga ya mutu, da ƙafa yake fita tun asuba, da sanda da gora. Ruwan da muke kokawa a kansa a famfo, shi yake zuba wa ƙuda a kasko, ya jefa tsinkaye don kada su nutse. Ya dawo da yamma ya wanke gyambo. Tsakanin icen nan da gadon Kellu, ko jana'iza ba ya zuwa.

Rannan na bi shi don in sami abin tsokana. Muka tarar da wani makiyayi ya ɗora gatari a kafaɗa.

"Baba, shanuna suna faɗuwa, kai kana gadin ƙuda?"

"Ƙafar matata ce a bisa icen nan," in ji Mai Nasara. "Sare ni tukuna."

Mutumin ya dube ni, na ce, "Haka yake, ɗan'uwa, mu ma haƙuri muke." Ya wuce yana gunaguni.

Da lokacin ɗiba ya yi, ni na riƙe masa hayaƙi, har na sha harbi a leɓe. Saƙar ba ta fi tafin hannu ba. A al'adarsu ba a kwashewa duka, ana bar wa ƙuda rabonsu, in ba haka ba su tashi. Tun kafin mu fito daga gida, Kellu ma sai da ta ce, "Malam, ka bar musu nasu." Ya daɗe a kan reshe, hannu cikin amya.

Na ce, "Can za ka tare ne?"

Ya kwashe tas.

Kullum ya shafa mata zumar da gashin kaza, ya ɗaure da tsumma mai tsabta. Sannu sannu bakin gyambon ya haɗe. Ko zumar ce, ko wankin likita, ni ban sani ba, amma kada ka faɗi haka a gabansa. Kellu ta miƙe, da ɗingishinta.

Ƙudan kuwa sun tashi a makon da ya kwashe. Inusa ya aiko daga Kano ya sake roƙo su taho, tunda yanzu ƙafa ta samu. Mai Nasara ya ce in ƙudan suka dawo suka tarar ba kowa fa? Ruwa ya dawo, mutane sun dawo, kowace kaka sai ya shafe amyar da kashin shanu, ya turara ta, ya rataya.

Jiya ma na ce, "Likitan ƙuda, an sami baƙi?"

Ya ɗauki gorarsa ya ce, "Matsa mini, rana tana yi."